Dorugu, ɗan Damagaram a Ingila

An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bauta, aka kai shi Kukawa ta Barno. Can wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi.

Da Overweg ya rasu a 1852, sai Dorugu ya bi abokin tafiyarsa Barth, wanda ake kira Abdul Karim. Tare suka ratsa Katsina da Sakkwato, har Tumbutu. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila.

Dorugu ya sauka baƙuwar ƙasa ba dangi, ba dukiya. Harshensa ne jarinsa. Wani malami mai suna Schön yana nazarin Hausa. Dorugu ya riƙa ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, malamin yana rubutawa. A 1885 aka buga su cikin littafin Magana Hausa. Shi ma Dorugu ya koyi Ingilishi da karatun boko.

A 1864 ya komo Afirka, ya yi aikin tafinta. Daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa, a Kano. Ya rasu a 1912.

Tambayoyi
1. Wa ya ƴanta Dorugu?
2. Mi ya amfane shi a Ingila?

Aiki
Ku tashi daga Maraɗi bisa taswira, ku nemo Kance da Kukawa.