Darasi na 14: Abincinmu da Tsakuwar Ƙoda

Ku karanta wannan bayani a tsanake, sannan ku amsa tambayoyin da ke ƙarshensa.

Kun taɓa feraye ɗanyar gwaza? Idan kun taɓa, to kun san yadda take sa hannu ƙaiƙayi. Wanda ya yi kuskuren tauna ta ɗanya kuwa, bakinsa da maƙogwaronsa za su yi ta raɗaɗi. Dalili shi ne, a cikin gwaza akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu tsini kamar allura, waɗanda ido ba ya gani. Sun samu ne daga haɗuwar sinadarai biyu: okzalet da kalsiyam. Waɗannan sinadarai su ne kuma ke haɗuwa a cikin ƙodar mutum su zama tsakuwa.

Ina ake samun okzalet?

Tsirrai da yawa suna ɗauke da shi. Yana da yawa a alayyafo da kuɓewa da dankalin Hausa da gyaɗa da riɗi. Akwai shi kuma a ganyen shayi da cakulan. Ban da wanda muke ci, hantar mutum ma tana samar da nata. Jiki ba ya amfani da okzalet, saboda haka dole ya fitar da shi. Wani yana fita ta bayan gida, wani kuma yana shiga jini, ƙoda ta tace shi ya fita ta fitsari.

Yadda tsakuwa take samuwa

Allah ya hore wa mutum ƙoda biyu, aikinsu shi ne tace jini. A kowace rana suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini. Kusan dukkansa yana komawa jiki, lita 1 zuwa 2 ne kawai ke fita a matsayin fitsari.

Ku zuba sukari cokali biyar a kofi, ku sa ruwa kaɗan. Sukarin ba zai narke duka ba, zai kwanta a ƙasa. Haka abin yake a cikin ƙoda. Idan ruwa ya yi ƙaranci, okzalet da kalsiyam kuma suka yi yawa, sai su daskare su zama ƙwayoyi. A hankali ƙwayoyin suna manne wa juna har su zama tsakuwa. Cikin kowace tsakuwa 10 da ake samu a ƙoda, kimanin 8 na kalsiyam ne, akasarinsu haɗe da okzalet.

Tsakuwa takan daɗe a ƙoda mai ita bai sani ba. Ranar da ta gangaro cikin siririn bututun da ke kai fitsari mafitsara, ranar ce yake sani. Ciwo mai tsanani yakan taso daga kwiɓi ya sauko mara, wani lokaci da amai ko jini a fitsari. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba takan fita da kanta. Babba kuwa tana iya toshe hanya, har ta lalata ƙodar idan aka yi sakaci. Wanda ya ji irin wannan ciwo, musamman tare da zazzaɓi, sai ya garzaya asibiti.

Zafin rana yana ƙara haɗarin. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, zafi yakan wuce digiri 40 a lokacin bazara. Manomi ko ɗan wasan ƙwallo yana zubar da gumi mai yawa, fitsarinsa ya ragu ya yi kauri.

Kama da wane ba wane ba ne

Akwai wani nau'in amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira gawut. Yakan kama babban ɗan yatsan ƙafa, sau da yawa cikin dare. Gaɓar takan kumbura ta yi zafi, har mai ciwon ba ya son ko mayafi ya taɓa ta. Shi ma ƙwayoyi masu tsini ne ke kawo shi, don haka wasu suke ɗora laifin a kan okzalet. Wannan kuskure ne. Ƙwayoyin gawut daga wani sinadari dabam suke fitowa, sunansa asid yurik. Abubuwan da ke ƙara shi a jini su ne kayan ciki irin su hanta, da yawan jan nama, da kifin sardin, da giya, da lemon kwalba mai sukari.

To, mene ne ya haɗa cututtukan biyu? Ƙoda ce. Ita ce ke fitar da asid yurik kamar yadda take fitar da okzalet. Asid yurik shi ma yana daskarewa ya zama tsakuwa, kimanin 1 cikin 10 irin tasa ce. Saboda haka mai gawut ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tsakuwar ƙoda.

Rigakafi ya fi magani

Kada ku ce daga yau kun bar cin ganye. Alayyafo da kuɓewa da gyaɗa abinci ne masu gina jiki, kuma yawancin masu cin su ba sa samun tsakuwa. Wanda ya taɓa yin tsakuwa shi ne likita kan umarta ya rage su. Ga abin da ya kamata kowa ya kiyaye:

1. Ku sha ruwa isasshe. Idan fitsarinku ya yi ja, alama ce jiki yana bukatar ƙari.
2. Kada ku guji nono da kindirmo da madara. Kalsiyam ɗin da ke cikinsu yana kama okzalet tun a hanji, su fita tare kafin su kai ƙoda. Mai zuba nono a kunun gyaɗa ko madara a shayi ya yi dabara.
3. Ku rage gishiri da magi, domin gishiri yana ƙara kalsiyam a fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya.
4. Tafasa ganye a zubar da ruwan yana rage okzalet.
5. Ku ci nama daidai wa daida.

Hausawa sun ce, lafiya uwar jiki. Kofin ruwa bai kai kuɗin asibiti tsada ba.

Ma'anar kalmomi

feraye: cire ɓawo da wuƙa
tace: raba ruwa da dattin da ke cikinsa
daskare: zama abu mai tauri
kwiɓi: gefen ciki, ƙasa da haƙarƙari
sakaci: rashin kula
garzaya: tafi da sauri

Tambayoyi

1. Me ya sa ɗanyar gwaza take sa ƙaiƙayi?
2. Kawo abinci huɗu masu yawan okzalet.
3. Yaya zafin rana yake taimaka wa samuwar tsakuwa?
4. Wane sinadari ne ke kawo gawut?
5. Don me bai kamata a guji nono ba?

Aiki

(a) Yi jimla ɗaya da kowace kalma: tace, daskare, sakaci.
(b) Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Kama da wane ba wane ba ne." Akwai irinta a harshenku? Rubuta ta.
(c) Rubuta wa yayanka ko yayarki gajeriyar wasiƙa kan hanyoyi uku na kare ƙoda.