Kwana Biyu a Toledo: Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani Kafin Ya Yanki Tikiti

Sana'ata shirya wa mutane tafiya ce, tun daga takardun biza har zuwa masauki. Cikin waɗanda nake yi wa hidima akwai masu zuwa Madrid, babban birnin Sifaniya, don taro ko kasuwanci ko duba yaran da ke karatu. Sau da yawa sukan samu rarar kwana biyu ko uku, sai su ce mini, "To Malam, ina za mu leƙa?" Amsar da na fi bayarwa ita ce Toledo. Amma da zarar na ce ƙaramin gari ne, sai mutum ya saki jiki, ya ɗauka ba sai an yi wani shiri ba. Wannan tunanin ne nake so mu gyara. Ƙaramin tsohon gari ya fi babban birni buƙatar tsari, domin a Madrid idan ƙofa ɗaya ta rufe akwai goma a buɗe, a Toledo kuwa zaɓin kaɗan ne.

Garin yana kudu da Madrid, tazarar kimanin kilomita 70, a kan dutse, kogin Tajo ya zagaye shi ta ɓangare uku. Shi ne Ɗulaiɗula da masu karatun tarihin Andalus suka sani. Musulmi sun mulke shi tun farkon ƙarni na 8 har zuwa 1085, lokacin da Sarki Alfonso na Shida ya karɓe shi. A nan masanin taurari Az-Zarƙali ya yi aikinsa a ƙarni na 11, a nan kuma aka yi ta fassara littattafan ilimi daga Larabci zuwa Latin a ƙarni na 12 da na 13, suka bazu cikin Turai. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1986.

Mu fara da biza, tunda ita ce ƙofar shiga. Sifaniya tana cikin yankin Shengen. Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6 tafiya, kuma ƙa'ida ita ce kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Ni ina cewa a ba ta aƙalla wata biyu, domin samun ranar ganawa kaɗai yakan ci lokaci, amsar ma takan iya kaiwa kwana 45. Kuɗin bizar babba Yuro 90 ne tun 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin Yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata 3 bayan ranar fitowa. Kuma ana nema ne a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Duk wanda ya ce zai haɗa muku takardar otal ta bogi ko bayanin banki na ƙarya, ku guje shi. Idan aka gano, tabon yana bin mutum zuwa nema na gaba, kuma shi mai haɗa takardar ba abin da zai same shi.

Daga Madrid, jirgin ƙasa mai gudu yana tashi daga tashar Atocha, cikin rabin awa da 'yan mintuna ya isa. Kowane tikiti da lambar kujerarsa, ba a tsayuwa, don haka idan kujeru suka ƙare sun ƙare. Jiragen safe masu tafiya da na yamma masu dawowa su ne suka fi saurin cika, musamman Asabar da Lahadi. Ku yanki na zuwa da na dawowa tare, tun kwanaki kafin ranar. Wanda ya rasa, akwai bas daga tashar Plaza Elíptica, tafiyar kamar awa ɗaya.

Babbar shawarata ita ce ku kwana a cikin garin. Yawancin baƙi da hantsi suke zuwa daga Madrid, su cika dandalin Zocodover da titin da ya gangara zuwa babban coci, kafin magariba su watse. Wanda ya zo cikin wannan ayarin, cunkoso zai gani da shagunan tsaraba, ya koma yana cewa ya ga Toledo. Wanda ya kwana kuwa, yana da sassafe yana da dare, lokacin da lungunan suke komawa hannun masu garin, kana jin takun ƙafarka a kan dutse. Kwana biyu sun isa, ba gaggawa ba gajiya.

Wajen zaɓen masauki, kada hoton ɗaki ya ruɗe ku, ku buɗe taswira. Akwai otal-otal masu suna Toledo amma suna can sabbin unguwanni ko tsallaken kogi, kullum sai an nemi tasi. Na cikin ganuwa kuma da yawansu tsofaffin gidaje ne da aka gyara. Tambayoyi uku nake yi wa kowane otal kafin in kama wa mutum ɗaki: akwai lif? Mota tana isa bakin ƙofa? Akwai mai karɓar baƙi da dare? Na taɓa samun iyalin da suka kama wa kansu ɗaki ta intanet saboda araha, suka iso da manyan akwatuna da dattijuwa mai ciwon gwiwa. Tasi ta sauke su a bakin lungu don ba ta iya shiga, ɗakin kuma yana hawa na uku ba lif. Tambaya ɗaya da ta raba su da wannan wahalar.

Duk wanda ya san lungunan cikin birnin Kano zai gane tsarin garin nan take: ganuwa, ƙofofi, hanyoyi ƙanana masu karkacewa, sai dai na Toledo hawa da gangara ne, kuma an shimfiɗe su da duwatsu. Saboda haka babban akwati a bar shi a Madrid, a ɗauki 'yar jaka. Takalmi ya zama mai taushi mai riƙe ƙafa. Silifas da takalmi mai tsini ba su da aiki a nan. Tashar jirgin tana ƙasa, wajen ganuwa, kuma akwai matattakala mai aiki da lantarki da ke hawar da mutane zuwa tsohon garin kyauta. Masu tafiya da dattawa ko ƙananan yara su hau bas ko tasi zuwa Zocodover.

Kada ku cika jadawali. Wuri biyu da safe, ɗaya da yamma, ya wadatar. Wanda nake roƙon kowa kada ya tsallake shi ne masallacin Bab al-Mardum, wanda a taswira za ku gani da sunan Cristo de la Luz. An gina shi a 999, ɗan ƙarami ne, kowane gefe kimanin mita 8 ne. Ginshiƙai huɗu ne a tsakiya, sun raba rufin gida tara, kuma idan ka ɗaga kai za ka ga kowace ƙubba da irin zanenta, ba wadda ta yi kama da 'yar uwarta. A fuskar ginin akwai rubutun Larabci da aka tsara da jan bulo, ɗauke da sunan wanda ya biya kuɗin ginin, Ahmad ibn Hadidi, da maginin, Musa ibn Ali. Daga baya an mayar da shi coci, yau kuma wurin tarihi ne da ake shiga da tikiti, ba a salla a ciki. Minti goma sun isa a zagaye shi, amma ku ba shi awa guda, ku zauna a lambunsa.

Sauran sun haɗa da babban cocin da aka fara ginawa a 1226, da wurin ibadar Yahudawa na da, Santa María la Blanca, mai fararen bakuna irin na masallatan Magrib, da gadar Alcántara. Ana sayar da wani abin ɗaurawa a hannu da ke shigar da mutum wurare bakwai, har da masallacin, amma babban cocin tikitinsa daban. Wasu gidajen tarihi na gwamnati, kamar na El Greco, ba sa buɗewa ranar Litinin. Da la'asar sakaliya ku tsallaka kogi zuwa Mirador del Valle, inda ake hango garin gaba ɗayansa.

Batun abinci yana buƙatar kula. Mutanen Sifaniya sai wajen ƙarfe 2 suke cin abincin rana, na dare kuma daga 8:30 zuwa sama, tsakanin nan gidajen abinci da yawa suna rufe kicin. Naman alade kuma yana ko'ina, har a inda ba a zato. Ku rubuta waɗannan kalmomin a waya: cerdo, jamón, chorizo, manteca. Duk inda kuka gan su, alade ne ko kitsensa. Carcamusas, abincin da garin ke alfahari da shi, da naman alade ake yi. Kifi, ƙwai da dankali, da ganyayyaki sun fi kwanciyar hankali, su ma a tambaya ko an barbaɗa jamón a kai. Alewar mazapán, wadda ake yi da almon da sukari, tsaraba ce mai kyau mai jure tafiya.

Salla kuwa a ɗaki za a fi yin ta, don haka a taho da darduma mara nauyi da manhajar alƙibla. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 saura kwata na dare, wannan yana canza lissafin yini duka. Mai son Juma'a cikin babban jam'i ya tsara ta faɗo masa a Madrid, inda akwai babban masallacin da aka buɗe a 1992.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne Afrilu zuwa Mayu, da Satumba zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta zafi yakan kusanci digiri 40, ga hawan dutse. Makon Ista da bikin Corpus Christi, wanda ke faɗowa a Mayu ko Yuni, garin yakan cika maƙil, kuɗin ɗaki ya tashi. Sannan garin ya shahara da takubba da wuƙaƙe, shaguna cike suke da su. Ba a shiga jirgin sama da su a jakar hannu, a tashar jirgin ƙasa ma ana duba kaya da na'ura. Wanda ya ga dole sai ya saya, ya tambayi mai shagon yadda za a aika masa, ya kuma binciki dokar kwastan ta inda zai sauka.

Waɗannan tambayoyin ba na Toledo kaɗai ba ne. Duk ƙaramin tsohon garin da za ku je a Turai, ku tambayi yadda ake isa da yadda ake fita, inda mota take tsayawa, ranar da wurare ke rufe, da lokacin cin abincin mutanen wurin. Idan wani ne ke shirya muku tafiyar, ku sa shi ya amsa su ɗaya bayan ɗaya kafin ku biya ko sisi, haƙƙinku ne. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.