Jirgin Otojairo da Iyakokin da Ake Gwada Shi

A makon da muka yi darasin iska da nauyi a nan Samaru Kataf, na zaɓi in yi nazari a kan wani irin jirgin sama da ba a cika ganinsa a ƙasarmu ba, sunansa otojairo. Yana da fanka babba a kansa kamar jirgi mai saukar ungulu, amma injin ba ya juya ta. Aikin injin shi ne ya tura jirgin gaba da wata ƙaramar farfela, sa'an nan iskar da ke bi ta ƙarƙashin fankar ita ke juya ta. Wanda ya taɓa ganin 'ya'yan itacen sanya suna faɗowa suna juyi ya riga ya ga asalin abin.

Wani mutumin Sifen, Juan de la Cierva, shi ya ƙago shi. Jiragensa na fari duk sun riƙa kifewa gefe guda, gama reshen fankar da ke tafiya gaba ya fi mai komawa baya samun iska, saboda haka ya fi shi ɗagawa. Sai ya sa wa kowane reshe gaɓa a gindi don ya riƙa hawa da sauka da kansa. Da wannan dabara jirgin ya tashi lafiya kusa da Madrid cikin Janairu 1923. A 1927 wani reshe ya karye wurin gwaji a Ingila, aka ƙara wata gaɓa wadda ke barinsa ya motsa gaba da baya.

To, ga abin da na fi so 'yan'uwana malamai su lura da shi. Mutuwar injin ba ita ce babbar masifar wannan jirgi ba, don ko injin ya tsaya fankar tana juyi, jirgin ya sauko a hankali. Masifar tana wurin nauyi. Fankar tana bukatar nauyin jirgin ya rataya a kanta kullum. In matuƙi ya hau da gudu, ya tura hancin jirgin ƙasa farat ɗaya, nauyin ya ɗauke na ɗan lokaci, kamar yadda cikin mutum ke yi in mota ta haye tudu da gudu. Nan take fankar ta rage juyi, rassanta su yi ta kaɗawa ba tsari, har su sari wutsiyar jirgin. Irin wannan ne ya kashe wani gwanin matuƙi a bikin jiragen sama na Farnborough a 1970.

Akwai kuma maganar inda farfela ke turawa. Ku sa yaro ya tura kabad ɗin littattafai daga can sama, za ku ga ya tuntsura. In ya tura daga tsakiya sai ya ja lafiya. Haka yake ga jirgin. In farfelar tana turawa daga bisa cibiyar nauyinsa, da zarar fankar ta saki sai ya wuntsila gaba. Bayan haɗura da dama a Ingila, masana a Jami'ar Glasgow suka bincika wannan tun daga shekarun 1990. A 2005 hukumar jiragen sama ta ƙasar ta ƙayyade gudu da ƙarfin iskar da jirage masu kujera ɗaya za su tashi a ciki, in tazarar nan ta wuce inci 2. Inci 2 kurum, watau bai kai tsawon ɗan yatsa ba!

Mai gwada sabon jirgi ba ya fara da cikakken gudu. Da fari a rataye jirgin a auna cibiyar nauyinsa. Daga nan ya yi ta gudu a ƙasa, ya ɗan tashi ƙafa kaɗan ya sauka. In ya hau sama sai ya ƙara gudu kaɗan kaɗan, kowane mataki ya ɗan girgiza sandar tuƙi ya ga ko lilon jirgin zai lafa da kansa ko zai ƙaru. Gudun da za a rubuta wa sauran matuƙa a ce kada su wuce shi, ana sa shi ƙasa da wanda mai gwaji ya kai.

A aji, takarda guda da almakashi sun isa. A tsaga ta reshe biyu, a maƙala ɗan tsinke a gindinta, a sake ta daga kan tebur, yara su ƙidaya juyinta. Sa'an nan a cire tsinken su ga yadda take tangal-tangal.