Tsagewar Bututu a Tashar Nukiliya: In Ce Ɗana Ya Dawo Gida?

Tambaya: Ɗana yana karatu a birnin Poitiers na Faransa, kusa da tashar nukiliya ta Civaux. Na ji an ce bututanta sun tsage. In ce ya dawo gida?
Wata uwa daga Maraɗi.

Amsa: Damuwarki tana kan hanya, amma ki kwantar da hankalinki.

A ƙarshen shekarar 2021, lokacin babban binciken da ake yi duk shekara 10, na'urar gwaji ta gano ƙananan tsagu dab da wuraren walda a bututan ruwan gaggawa na Civaux. Aikin waɗannan bututan shi ne tura ruwa mai sinadarin boron cikin tukunyar nukiliya idan ruwan sanyaya ta ya zube. Zafi da matsi da ruwan kansa ne suka haɗu suka ci ƙarfen sannu a hankali. Da bututun ya fashe, da ruwan sanyayawa ya tsere ta nan, tukunyar ta shiga haɗari.

Alhamdu lillahi, ba a kai ga haka ba. Kamfanin EDF mai gudanar da tashar ya kashe Civaux da wata tashar mai suna Chooz, aka yanke sassan da suka lalace aka sa sababbi. Wutar nukiliyar Faransa ta faɗi ƙwarai a 2022 saboda irin wannan gyara, Civaux kuma ta koma aiki a 2023.

Shawarata, Hajiya, ki bar yaro ya ƙarasa karatunsa. Ki dai ce masa ya riƙa bin sanarwar hukuma, ya guji jita-jitar WhatsApp. Allah ya tsare mana shi.