Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa YouTube ya ɓoye adadin masu ƙin bidiyo?

Tambaya: Da can in na buɗe bidiyo a YouTube nakan ga yawan waɗanda suka so shi da waɗanda suka ƙi shi. Yanzu na masu so kaɗai ake gani. A majalisarmu ana cewa an yi haka ne don a rufa wa masu mulki asiri. Mene ne gaskiyar magana?
Daga wani mai karatunmu a unguwar Alshajara, Khartum.

Amsa: Ranar 10 ga Nuwamba, 2021 YouTube, mallakar kamfanin Google, ya sanar da wannan sauyi, bayan ya gwada shi tun watan Maris. Alamar babban yatsa ƙasa tana nan, kana iya latsa ta, mai bidiyon kuma yana ganin adadin a shafinsa. Mai kallo aka hana gani.

Hujjar kamfanin ita ce wasu na haɗa baki su yi wa bidiyo rubdugu tun ba su kalla ba, kuma masu ƙananan tashoshi ne suka fi shan wahala. Rubdugun kam ana yi. A Agustan 2020 tallan fim ɗin Indiya Sadak 2 ya sha yatsa ƙasa sama da miliyan 10, don jama'a na fushi da yadda 'ya'yan manya ke cin gadon masana'antar. Fim ɗin ma bai fito ba a lokacin.

'Yan majalisarku ma suna da abin kafa hujja, ruwa ba ya tsami banza. Tun da Joe Biden ya hau mulki a Janairun 2021, bidiyoyin fadar shugaban Amurka suka riƙa samun masu ƙi fiye da masu so, sai 'yan adawa suka ce don a wanke shi aka ɓoye adadin. Wasu suka ce kamfanin kansa yake karewa, domin bidiyon da aka fi ƙi a tarihin dandalin nasa ne, wato YouTube Rewind na 2018, mai ƙi sama da miliyan 19. Hatta Jawed Karim, ɗaya daga cikin mutum 3 da suka kafa YouTube, ya soki matakin, yana ganin an ƙwace wa mai kallo hanyar gane bidiyon banza da wuri.

To, ina gaskiya? Babu wata shaida da aka fito da ita cewa wata gwamnati ce ta ba da umarni, kuma sauyin ya shafi kowane bidiyo, daga na shugaban ƙasa har na mai koyar da gyaran waya. Amma ko da niyyar alheri aka yi, manya sun fi kowa cin riba. Minista zai yi jawabi, dubbai su ƙi, amma kowannensu ya tashi yana zaton shi kaɗai ne bai gamsu ba.

Ku mutanen Khartum kun san toshe baki na ainihi. A ranar da YouTube ya sanar da sauyin, wayoyinku ba intanet, tun juyin mulkin Janar Abdel Fattah al-Burhan na 25 ga Oktoba. Kotu ta umarci kamfanonin sadarwa na Zain da MTN da Sudani su maido da shi ranar 9 ga Nuwamba, amma sai 18 ga wata ya dawo, kwana ɗaya bayan an kashe aƙalla masu zanga-zanga 15, yawancinsu a Bahri. A Najeriya kuwa gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Waɗannan hukuma ce ta yi, da gangan. Na YouTube shawarar 'yan kasuwa ce, ko da yake ita ma ta rage wa talaka murya.

Shawarata: akwai manhajar Return YouTube Dislike da ke maido da adadin, sai dai ƙiyasi ne, kada ka kafa hujja da shi a majalisa. Ka karanta sharhin masu kallo, ka duba mai tashar da tsofaffin bidiyoyinsa. In kuma so kake a daina kawo maka shirme, binciken gidauniyar Mozilla na 2022 ya nuna yatsa ƙasa na tare kashi 12 cikin 100 kacal na irin bidiyoyin da ba ka so, yayin da umartar dandalin ya daina nuna maka tashar baki ɗaya ke tare kashi 43. Allah Ya ba Sudan zaman lafiya.