Busasshen Tsumma Ne Ke Cinye Fentin Sabuwar Mota

Sana'ata wankin mota ce a Kano. Yawancin motocin da ake kawo mana fentinsu ya dusashe tun ba su shekara a hannu ba, ba haɗari suka yi ba, ba kuma rana ce ta ci su ba. Tsananin kulawa ne ya kashe su. Kowace safiya direba ko maigadi zai ɗauko busasshen tsumma ya share ƙurar da ta kwana a jikin motar, don kada Alhaji ya fito ya gan ta buɗu-buɗu. Bayan 'yan watanni, in aka tsayar da ita a rana, musamman baƙa, sai ka ga ƙananan zane sun zagaye ko'ina a kan bonet da ƙofofi.

Fentin mota hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai hana tsatsa, akwai mai launi, sannan a sama akwai wani garau marar launi, wanda shi ne ke ba da sheƙi kuma yake tare zafin rana. Kaurin wannan na saman bai cika wuce maikron 40 zuwa 50 ba, wato ko kaurin silin gashin kai bai kai ba. Duk zanen da kake gani a cikinsa yake. Folish ɗin da ake yi don a ɓatar da zane kuwa ba cike ramin yake yi ba, kankare abin da ke kewaye yake yi har su daidaita. Ke nan duk folish ɗaya rage kaurin ne, kuma ranar da ya ƙare babu magani sai sabon fenti.

Ƙurarmu kuma ba ta wasa ba ce. Wadda iskar hunturu ke kwasowa daga wajen Nuwamba zuwa Maris, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe. Ta haɗu da jan yashin hanyoyinmu, wanda ƙwayarsa ta fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Duk wanda ya danna tsumma a kan wannan, samfefa yake goga wa motarsa. In babu ruwa, gara a bar ta da ƙurarta. Ƙurar da ke kwance ba ta zana komai sai an ja ta.

Shi ya sa a wurinmu ba a taɓa jikin mota da hannu sai an fesa mata ruwa daga rufi zuwa ƙasa, yashin ya sauka. Sannan bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. A wanke ɓangare guda, a ɗauraye soson a ruwan zalla, sannan a mayar da shi cikin kumfa. Mai bokiti ɗaya yashin da ya kwaso daga gindin ƙofa shi yake mayarwa kan bonet. A fara daga sama, a bar ƙasan ƙofofi da bamba sai ƙarshe, domin nan datti ya fi taruwa. Soson ya zama mai laushi irin na maikrofaiba, ba tsohuwar singileti ba. In ya faɗi ƙasa, aikinsa na ranar ya ƙare. Yaran da ke koyo a wurina wannan ce dokar da ta fi ba su wuya, don a ganinsu karkaɗewa ta isa.

Sabulu kuma, na san omo ya fi araha, kuma kumfarsa na faranta ran mai mota. Amma an yi shi ne don ya narkar da maiƙo a tufafi, saboda haka yana wanke kakin kariyar da ke kan fenti, yana busar da robobin gilashi, baƙar robar bamba ta koma toka-toka. Shamfu na mota murfi ɗaya ko biyu ake zubawa a bokiti, kwalba ɗaya ta daɗe.

Inda aka fi yin ɓarnar da ba ta gyaruwa shi ne rim. Baƙin dattin da ke manne masa ba ƙurar hanya ba ce kawai. Ɓurɓushin ƙarfe ne da ke fita daga birki da zafinsa, ya lafe a jikin rim. Da yake yana da taurin kai, sai masu wanki su nemi gajeriyar hanya: soson ƙarfe na wanke tukunya, ko ruwan asid, har da masu ɗebo ruwan batir. Nan take rim zai yi fes, mai mota ya ji daɗi ya ƙara wa yaro na goro. To rim ɗin alminiyon shi ma fenti gare shi da rufin garau a sama. Asid na cin rufin, ya bar farin tabo, daga nan ruwa ya riƙa shiga ƙarƙashi, ya fara ɓarewa daga gefen notuna. Shamfu da buroshi mai taushi sun isa in ana wankewa duk mako. Rim ya kasance da bokitinsa da sosonsa daban, kuma a fara da shi kafin jiki, don kada dattinsa ya fallatsa kan inda aka gama.

Wani ya shigo daga Kaduna ko Zariya, ko kashe injin bai gama yi ba zai ce, "Malam, a yi sauri, ana jirana." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, a ba ta minti ashirin ta huce." Ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi na iya sa shi ya karkace, sabulu kuma bushewa yake yi nan take a kan rim mai zafi ya bar tabo. Su ma masu shafa wa taya baƙin mai ko man birki don ta yi ƙyalli, ɓarna suke yi. Man birki na cin fenti, kuma da taya ta fara juyawa a gefen motar zai watsu.

Wanki a tsakiyar rana ma haka. Ruwan burtsatse a unguwanni da yawa yana ɗauke da sinadarin kalshiyam. In ya bushe da kansa a kan bodi mai zafi, sai ya bar fararen ɗige-ɗige, wani lokaci su ci cikin fenti. A wanke a inuwa, da sassafe ko da yamma, a tsane da tawul mai tsabta kafin iska ta riga ka. Mai injin feshi kuma ya ja baya kamar tsawon kamu ɗaya, kada ya kafa bakinsa a kan robar gilashi ko inda dutse ya ɗan ɓantare fenti.

Inuwar ma a duba wace iri ce. Gindin darbejiya ko mangwaro akwai kashin tsuntsu da na jemage, kuma a zafin Afrilu yini ɗaya ya isa ya bar shaida. Kada a kankare shi da farce. A jiƙa tawul a ɗora a kai na 'yan mintuna, sai a ɗage shi. Kwalta kuma akwai mai na musamman da ke narkar da ita, ba sai an kwarara fetur ba.

Sannan yawancin abin da muke kira sabuwar mota 'yar Kwatano ce, kuma sau da yawa an sake fesa wani ɓangarenta kafin a kai ta wurin sayarwa. Fentin kamfani a tanda ake gasa shi da zafi mai yawa, ya fito a ƙeƙashe. Na mai fentin gari kuwa yana ci gaba da bushewa har wata ɗaya zuwa uku. A cikin wannan lokaci ruwa da shamfu kawai yake so, ban da kaki, ban da folish, ban da lulluɓa shi da tampol. Ka tambayi dillalin ko an taɓa ta da fenti. In ya ce ko kusa, buɗe ƙofa ka duba robobin gefe da ramin murfin tanki, nan ne feshin yake laɓewa.