Auren iccen lemu

Idan aka shuka ƙwayar lemu a garka, takan tsiro ba wuya. Amma mai garka zai jira shekara 6, ko 8, ko fiye, kafin ya ɗanɗana ƴaƴanta. Iccen kuma yakan fito da ƙaya da yawa. Shi ya sa masu lambunan Gaya, inda lemu da tanjalo suka yi suna, suke yi wa itatuwansu aure. Icce mai aure yakan fara ƴaƴa cikin shekara 3 ko 4.

Mene ne auren icce? Icce biyu ne ake haɗawa su zama ɗaya. Na ƙasa shi ne gindi. Shi ke da saiwa, shi ke jure wa ƙasa da cuta. Na sama ɗan ido ne da aka yanko daga iccen da muke son ƴaƴansa. Ido shi ne ɗan ƙullin da ke tsakanin ganye da reshe, inda sabon toho yake fitowa. Duk abin da ya toho daga idon nan zai ba da ƴaƴa irin na uwarsa sak.

Ba kowane icce ke zama gindi ba. Lemu mai zaƙi ba ya jure wa cutar da ke sa gindi zubar da ƙaro har ɓawo ya ruɓe. A dā an fi amfani da lemu mai ɗaci, domin yana jure mata. Sai wata cuta ta ɓullo, ana ce mata tiristeza, wato baƙin ciki. Daga 1930 zuwa wajen 1950 ta kashe miliyoyin itatuwa masu irin wannan gindi a Ajantina da Birazil. Darɓa ke ɗaukar ta daga icce zuwa icce, ido mai cuta ma yana kai ta. Saboda haka ku tambayi malamin gona gindin da ya dace da ƙasarku. Kada kuma ku yanki ido a jikin iccen da ganyensa ya yi rawaya, ko da na maƙwabci ne mai ƴaƴa masu daɗi.

Ana shuka ƙwayar gindi a cikin leda, a rene ta wajen shekara ɗaya, har kararta ta kai kaurin alƙalami. Kwana kaɗan kafin aure a riƙa ba ta ruwa sosai. Dalili kuwa, a ƙarƙashin ɓawo akwai wani wuri mai danshi da santsi. Nan icce yake girma, nan kuma ido da gindi suke haɗewa. Idan icce yana jin ƙishirwa, ɓawo ya manne ke nan, ba zai buɗu ba. Don haka ba a aure da zafin bazara, ko lokacin da iskar hunturu take busar da komi. Da safe ake yi, ko da marece, a inuwa.

A zaɓi reshen da ya ƙosa, mai jiki zagaye, wanda bai tsufa ba. A yanke ganyensa, amma a bar ɗan karan kowane ganye. A naɗe reshen cikin tsumma mai jiƙe. Wuƙa ta zama mai kaifi kamar aska, a wanke ta da ruwan jabel.

A auna santimita 25 zuwa 30 daga ƙasa. Wannan awo yana da muhimmanci. Idan aure ya yi kusa da ƙasa, ruwan sama zai fantsama laka a jikin lemu mai zaƙi, cutar ƙaro ta same shi. A nan za a tsaga ɓawo a kwance, sannan a tsaye tsawon santimita 3, kamar harafin T. Ɓawo kaɗai za a tsaga, wuƙa kada ta shiga cikin icce. A ɗaga leɓunan ɓawon a hankali.

Yanzu a yanko ido da ɗan ɓawonsa, yanka ɗaya, tsawon santimita 2 zuwa 3. A riƙe shi ta karan ganye. Kada yatsa ya taɓa wurin da aka yanka. A zura shi cikin tsagar maza-maza, ido yana duban sama. A ɗaure da siririyar leda daga ƙasa zuwa sama, tam, don kada ruwa ko iska su shiga.

Bayan mako 3 a kwance ledar. Idan ido yana nan kore, karan ganye kuma ya faɗi da an taɓa shi, aure ya kama. Idan ya yi baƙi, sai a sake a ɗaya gefen. In ya kama, a yanke kan gindi a bisa idon, don ƙarfin icce ya koma cikinsa. Gindi zai yi ta fitar da nasa toho a ƙasan aure. A riƙa cire shi, in ba haka ba ya rinjayi idon, a wayi gari da icce mai ƴaƴa masu tsami. Ranar dashe, wurin aure ya tsaya a sarari, kada ƙasa ta rufe shi.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin gindi, mene ne aikin ido?
2. Don me ake ba gindi ruwa kafin aure?
3. Yaya za ku gane aure ya kama?

Aiki

Ku samo rassan lemu ɗanyu. Kowa ya gwada tsaga T da yankan ido sau 10 a gaban malam, kafin ku je garkar makaranta.